Atamfar Matar Kadim

Tun da na dawo daga Doha 'yan majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Tanimu suka hana ni sakat. Wannan ya ce da gaske titinsu kamar faranti yake, wancan ya ce ina tsarabarsa, Malam Isiya kuwa kullum tambayarsa ɗaya, wai gaskiya ne na yi kuka a jirgi. Na maimaita har bakina ya gaji. To ga shi na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Kuma ban yi kuka ba, Isiya, addu'a na yi da ɗan ƙarfi.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Kun san ni, malamin tarihi ne a sakandare nan Zariya, Kano ma sai da dalili nake zuwa. Goggo Rabi ce silar tafiyar, ƙanwar mahaifina. Mijinta na fari yana cikin samarin Arewa na farko da aka ɗauka aka koya wa tuƙin jirgin yaƙi. Sunansa na yanka Abdulƙadir, amma a gidanmu Audu Matuƙi ake ce masa, Goggo kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "shi". Suna cikin amarci yaƙin basasa ya ɓarke, ya tafi, daga nan sai saƙo ya zo cewa ya rasu a bakin daga. Ba gawa, ba bayani. Mutane suka yi ta ƙara gishiri, wasu su ce jirgin ya ƙone ƙurmus, wasu su ce kogi ya faɗa. Goggo ta yi takaba, ta sake aure, ta haifa ta aurar, miji na biyun ma Allah ya karɓi abinsa. Amma har gobe in aka fito da makara a unguwa, sai ka ji ta ce a hankali, "Wannan dai ya samu gata."

Ni kuma na daɗe ina tattara tarihin waɗannan matuƙa na farko, ina so in yi ɗan littafi. Duk wanda na nema sai a ce ai ya riga mu gidan gaskiya. Ana nan sai wani tsohon ɗalibina, Sabi'u, wanda ke tuƙi a Doha, ya kira ni. Ya ce akwai wata likita 'yar Katsina, Dakta Binta, da yakan kai mahaifinta masallaci, Baba Lawal, ana ce masa Baba Kyaftin, kuma tare aka ɗauke su da mijin Goggo. Na yi magana da Dakta, ta ce ta waya ba za ta yiwu ba, kunne ya yi nauyi, tunanin kuma yana zuwa yana ɗaukewa kamar wutar lantarkinmu. In ina so in zo da kaina, kuma kada in yi jinkiri. Ita ta yi min ɗawainiyar biza, Allah ya saka mata.

Da na je sallama, Goggo ta riƙe hannun rigata.

"Haruna, ni ba ruwana da tarihinku. Abu ɗaya za ka tambayo min. An yi masa sutura, an sallace shi? Shi ke nan."

Na ce in Allah ya yarda ba zan dawo hannu wofi ba. Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zan fara ba.

Ana gobe tafiya Sabi'u ya turo saƙo: "Malam, in aiki ya riƙe ni, ka hau tasi ka ce a kai ka Matar Kadim, can za ka sauka." Na nuna wa maiɗakina, Maman Sadiya. Ta ce, "Ka ga mutuniyar kirki. Ba ta san ka ba, ba ta san asalinka ba, za ta sauke ka. To ba za ka je mata haka ziƙau ba." Ta yafa gyale ta nufi kasuwa, ta dawo da turmin atamfa mai ruwan ganye, ta haɗa da daddawa da kuka da yaji. Ni abin da ya ɗan tsaya min shi ne sunan mijin. Kadim? Na ce ƙila Babarbare ne.

Daga Zariya zuwa Kano taya ta fashe mana wajen Kwanar Dangora, direba ya fito da safaya wadda ta fi ta farkon tsufa. Ina tsaye ina duba agogo, wani mai rake yana ba ni haƙuri, yana cewa ai jirgi ma yakan jira mutane. Na ce masa wannan ba motar Funtuwa ba ce. Allah dai ya sa muka isa a kan kari.

Yanzu abin kunyar. Ni da na shekara da shekaru ina rubuta yadda 'yan samari ke juya jirgi a sama kamar shirwa, ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Da ya fara gudu sai na damƙe hannun kujera, na kama addu'a da ƙarfi. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa, za ta saro kaya, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidanta. Ta dube ni ta ce, "Malam, sakar min hannun kujera, nawa ne." Da ta ji abin da zai kai ni ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Kai ne mai tarihin matuƙan? Lallai wanzami ba ya son jarfa." Ita ta nuna min yadda ake buɗe ɗan teburin, ita kuma ta cinye min kek.

Filin jirginsu ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, ku dai ɗauka gari ne aka yi wa rufi. A wurin duba fasfo wani saurayi fes da shi ya sa na kalli wata na'ura, ya tambaye ni inda zan sauka. Na ce, "Matar Kadim." Ya gyaɗa kai ya buga hatimi, ko tambaya bai ƙara ba. Na ce a raina lallai matar nan ta yi suna, har hukuma ta san da zamanta. A wurin duba kaya ne aka ɗan samu tsaiko. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya kira abokinsa. Abokin ya sunsuna, shi ma ya ja da baya. Na yi ta kwatanta musu tukunya da ludayi da hannu. A ƙarshe ɗayan ya ɗaure ledar da yatsa biyu ya ce, "Yalla, yalla," wato in yi gaba da abina.

Sabi'u bai samu zuwa ba, na hau tasi. Na ce Matar Kadim, direban ya ce to. Muka yi ta tafiya, sai ya tambaye ni da Turanci ta wane gefe. Na ce gidanta mana. Ya kalle ni ta madubi, ya sake tambaya, na sake ba shi amsa. Muka zaga shaguna da gidajen abinci har na fara gane masu shagon, kafin Sabi'u ya kira ya yi masa kwatance.

Sabi'un da na sani siriri kamar sillen kara, yanzu ya ajiye tumbi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki jakata zuwa wani ɗaki a bene, inda suke zaune su huɗu, gadaje masu hawa biyu. Bayan na sha ruwa na buɗe jaka na fito da atamfa, na gyara hula.

"To Sabi'u, a yi min iso wurin uwar ɗakin naku. Maman Sadiya ta ce a gaishe ta da kyau."

"Wace uwar ɗaki, Malam?"

"Matar Kadim ɗin."

Sabi'u ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya cije leɓe, ya kalli silin, saboda ni malaminsa ne. Amma Idi, wani Bazamfare mai gadi da ke kwance a gadon sama, sai da ya kusa faɗowa.

"Malam, Allah ya ba ka haƙuri," in ji Sabi'u yana share hawaye. "Larabci ne. Matar na nufin filin jirgi, kadim kuma tsoho. Sunan unguwar nan ne, don tsohon filin jirginsu a nan kusa yake."

Na zauna da atamfa a cinya. Ni da na yi Islamiyya har na fara Ahalari. Tun daga ranar ba wanda ya sake kirana Malam Haruna a gidan nan, sai Malam Kadim. Ko Idi zai fita aiki sai ya leƙo ya ce a gaida iyali.

Zaman gidan ya yi min daɗi. Ba a taɓa samun su huɗun a lokaci guda, wani na shigowa wani na fita, kowa da kafil ɗinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki. A waje zafi kamar bakin tanderu, a ɗaki kuwa sai da na ari rigar sanyi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ta busa. Abinci shinkafa ce da nama a babban faranti, an zuba mata kayan ƙamshi har sun yi mata yawa, a zauna a ƙasa a sa hannu kamar a gida. Shayinsu karak, mai kauri da madara, a mota ake sayensa, ka danna hon a kawo maka. Na ce da a Tudun Wada ne mai shayi zai ce ka sauko ko uban wa ya haife ka. Ranar da na kaɗa musu miyar kuka da daddawar nan, maƙwabcinsu Ba'indiye ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko lafiya. Lahadi kuma ranar aiki ce, wannan har na dawo ban saba da shi ba.

Gidan Dakta Binta yana unguwar Madinat Khalifa. Na tarar da Baba Kyaftin a kujera kusa da taga, dogo, fari, ya rame, haƙora sun zube, amma bayansa a miƙe kamar ana fareti. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Daga ina?" Na ce Zariya. Ya ce, "Na sha wucewa ta kanku."

Labari kam na samu. Ya gaya min yadda aka zo makarantarsu aka zaɓe su, mahaifinsa ya ce shi bai haifi ɗan da zai je ya yi wa tsuntsaye shisshigi ba. Ya gaya min ƙasar Turawan da aka kai su, inda sanyi ya sa suka riƙa alwala suna rawar ɗari. Baturen da ke koya musu ba ya iya kiran sunayensu, sai ya riƙa guntulewa, Lawal ya koma Law, Sulaimanu ya koma Sule, har su ma suka saba kiran juna haka. Ranar da ya dawo gida ya bi ta kan ƙauyensu ƙasa-ƙasa don ya burge mahaifiyarsa, ita kuwa ta kwashi jikoki ta shige ƙarƙashin rumbu, awaki suka tsinke igiya. Ya ce sai da ya yi wata bai je gida ba saboda tsoron faɗanta. Yana ba da labarin yana dariya, hannunsa na yawo a iska.

Amma da na kawo zancen yaƙi sai ya rufe kamar an kashe rediyo. Na ce, "Baba, ka tuna Audu Matuƙi, mutumin Zariya?" Ya ce, "Audu nawa ne a bariki?" Ya mai da fuska taga. Can wajen la'asar sai ya fara mutsu-mutsu yana neman sandarsa.

"Binta, ku kai ni Matar Kadi. Binta."

Dakta ta zo ta lallashe shi. Da ta rako ni ta ce, "Malam, kullum haka yake, tun da na ɗauko shi bayan rasuwar Mama. Matuƙi ne, filin jirgi yake nema. Duk Juma'a sai mun kai shi Matar Kadim ɗin, ya kalli shaguna ya ce ba nan ba ne. Har sabon filin na kai shi, ya ce ba nan ba."

Haka na yi ta zarya. Kullum in samu sabon labarin horo, kullum in na taɓa yaƙi ya yi shiru. Ranar komawata tana matsowa, Goggo kuma takan sa jikarta ta kira ni, ba ta ko tsayawa gaisuwa sosai sai ta ce, "Ya faɗa?" In ce tukuna. Gaskiya hankalina ya tashi. Na cika littafi da labarin awaki da sanyi, abin da aka aiko ni kuwa ko ƙyallinsa ban gani ba, kuma na san in na tafi ba lallai wani ya sake tarar da tsohon nan ba.

Juma'ar ƙarshe bayan an sauko masallaci muka fita zagayen da suka saba. Sabi'u na tuƙi, Dakta a gaba, ni da Baba a baya. Muka shiga unguwar, ga shagunan waya, ga masu gasa kaza. Baba ya leƙa ya ce, "Ba nan ba." Sabi'u, don ya sauya zance, sai ya tona min asiri. Ya ba Dakta labarin tasi da iso da komai, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ya ɗaga murya don tsohon ya ji.

"Baba, ai Malam har atamfa ya kawo mata daga Zariya."

Baba bai yi dariya ba. Ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi min ba.

"Ka kyauta, yaro. Tana nan da rai?"

Dakta ta ce, "Baba, wasa ake, unguwa ce."

Ni kuwa da na riga na sha kunya a kan kalmar nan, kunnena bai daina jin ta da Hausa ba. Na matsa kusa da shi.

"Baba, matar wa?"

"Matar Kadir mana. Ina da saƙonta."

Sai na tuna Baturen nan mai guntule suna. Abdulƙadir. Sunan yana cikin kaina tun ina yaro, ban taɓa kawo shi ba, ina ta Audu, Audu. Su kuma sun daɗe a Doha har kunnensu ya zama na Larabawa, tsoho ba haƙora, in ya ce Kadir sai su ji Kadim.

Na ce Sabi'u ya tsaya. Ya faka a gaban wani mai karak, yaron shagon ya taso, aka ɗaga masa hannu ya koma. Na kira jikar Goggo ta bidiyo, na ce ta kai mata maza. Goggo ta fito a allo tana gyara ɗankwali, tana faɗan an tashe ta daga tsintar shinkafa. Na ƙure sauti, na riƙe wa Baba wayar.

Ya gyara zama, ya miƙe baya.

"Salamu alaikum. Matar Kadir ce?"

Goggo ta saki ɗankwalin da take gyarawa, ta ƙura wa allon ido. Matar da ta yi wani auren na shekaru masu yawa, ta haifi 'ya'ya takwas a wani gida. Sai na ji ta ce, "Na'am."

"Lawal ne, abokinsa. Ni na yi masa babban aboki ranar ɗaurin aurenku, ba za ki gane ni ba yanzu." Maganarsa ta fito tar, ba gargada. "An harbe shi a sama, amma bai faɗi ba. Ya kawo jirginsa har gida ya sauke shi lafiya lau. Mu muka ciro shi. A cinyata ya cika, da kalmar shahada, ya ce a gaya miki ki yafe masa gajeren zama."

Goggo ta sa bakin zane ta rufe baki. Can ta ce, "An yi masa sutura?"

"An yi. Farin yadi muka samo a gari. Muka tara Musulmin da ke wurin, sahu biyu. Ni na ja sallar."

"An fuskantar da shi gabas?"

"Haba Hajiya. Matuƙa ne fa mu, gabas ba ta ɓace mana."

Ya ce da ya samu hutu ya zo Zariya, aka ce an tafi da ita ƙauye takaba, washegari aka kira shi bakin aiki. Da yaƙi ya ƙare ya sake zuwa, aka ce ta yi aure. "To ta yaya zan yi sallama a ƙofar wani in ce a kira min matarsa, zan yi mata zancen mijinta na da? Na ce sai an kwana biyu. Kwana biyun ke nan."

Goggo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam Lawal. Ka sauke."

Dakta na kuka a gaba, Sabi'u ya kifa kai a sitiyari. Ni ma, Isiya, a nan kam na yi, rubuta ka ajiye. Baba ya miƙo min wayar, ya leƙa waje ya ce shi fa yana jin ƙamshin shayi, ba za a saya masa ba ne? Sabi'u ya danna hon.

Dakta ta gaya min daga baya cewa tun ranar bai sake cewa a kai shi ko'ina ba. La'asar ta yi, sai ya yi sallarsa ya nemi shayi.

Dawowa ba wani labari, sai dai na riƙe hannun kujerata ni kaɗai. Idi ya rako ni har mota yana cewa in bar masa atamfar ya ajiye wa matar ko za ta dawo daga unguwa. Na ce a'a, na gano gidanta.

Na kai wa Goggo atamfar da dabino. Ta shafa ta, ta ce ruwan ganyen ya yi kyau. Bayan kwana kaɗan ta aiko a kira ni. Na tarar an soya waina ana rabon sadaka, yara cike da tsakar gida, ita kuma tana zaune a kan tabarma, ta yi wanka, ta sa lalle, ta ɗaura atamfar riga da zane da ɗankwali.

Na ce, "Goggo, wannan kwalliya haka, biki ake ba a gaya min ba?"

Ta ce, "Zauna ka ci waina, Haruna. Yau na fita takaba."